Rantsuwar Girard Marini

Fadar Valcreuse,
kwana biyu bayan idin Waliyyi Martin, 1472

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata, Inna Perrette, a gidan marina da ke Orvaux.

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar, kumburin ya saɓe? Yaya Baba Girard da sanyin bana? Allah ya sa kowa lafiya. Ni da maigidana Anselme lafiya lau muke.

Inna, ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Ƙanena Thibaut yana da rai, ba a taɓa lafiyarsa ba, amma yana tsare a hasumiyar ƙofar arewa.

Kin san tun da aka binne sarkinmu Duke Renaud, ɗansa na aure Aymon ya gaje shi, hankalin fada bai kwanta ba. Mu da marigayi ya haifa a waje, mu goma sha ɗaya ne waɗanda aka sani. Waziri ya kira mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce kowa ya kawo takardar da uban ya karɓe shi da ita. Wanda ya kawo, jinin sarauta ne: ya riƙe takobinsa da ƙasarsa, ya ci gaba da ɗaukar tambarin gidan, da layin nan da ake ratsa mana a kai don kowa ya san ta ƙofar da muka shigo. Wanda bai kawo ba, talaka ne. Mu goma mun kawo. Thibaut ba shi da ko kalma ɗaya a rubuce. Abin da yake da shi kawai, marigayi ya ɗauko shi daga gidanku yana ɗan shekara sha huɗu, ya ba shi doki da takobi, kuma idan ya sha ya yi nishaɗi yakan ce da shi "yaron nan nawa". Na sha roƙonsa ya rubuta, kullum sai ya ce bayan farauta.

Shekaranjiya aka yi walimar cikar wata guda da rasuwar. Thibaut ya zauna a babban teburi kusa da ni, inda ya saba zama. Montbrel, yayan matar sabon Duke, ya ɗaga hanci ya ce, "Wa ya bar ƙofar marina a buɗe ne? Wari ya hana ni cin nama." Aka yi dariya. Na danne ƙafar Thibaut da tawa, ya haɗiye. Sai mutumin ya ƙara: "Idan ka je gida ka gaida min Perrette. Ka ce na yaba mata, ƙyalle ɗaya ta tsoma a ramukan rini biyu." Ban ga lokacin da Thibaut ya ɗauki tulun giya ba. Ya karya masa muƙamuƙi, haƙora biyu sun zube a kan teburi, a gaban Duke.

Ga inda maganar take. Idan mai jinin sarauta ya zubar da jini a zauren fada, 'yan'uwansa masu sarauta ne ke yi masa shari'a, iyakarta kora. Idan talaka ne, hauni ya sare masa hannun dama a bakin kasuwa. Idan kuwa Montbrel ya mutu, igiya ce. Yanzu haka yana kwance da zazzaɓi.

Na je wurin waziri. Ya ce an haifi Thibaut wata bakwai bayan aurenki da Baba Girard, doka kuwa mijin uwa take ba ɗa. Hanya ɗaya ce: mijin ya zo da kansa, ya ɗora hannu a kan akwatin ƙashin waliyyi, ya rantse cewa bai kusance ki ba kafin aure, kuma yaron ba nasa ba ne. Rantsuwarki ba za ta karɓu ba. Za a zauna ranar idin Waliyyi Andrawus.

Na san nauyin abin da nake roƙo. Mutumin da ya goya shi a kafaɗa, shi za a ce ya tsaya gaban jama'a ya ce ba ɗansa ba ne. Amma ai gaskiya ce zai faɗa, kuma garinku duka ya daɗe da sani. Ki lallashe shi, Inna. Ki kuma duba akwatinki, ko marigayi ya taɓa bar miki zobe ko 'yar takarda. Sister Clémence, wadda za ta zo karɓar yadin gidansu na mata masu ibada, ita za ta kawo wannan, ita za ki ba amsa.

Ki gaida Baba Girard. Ki yi mana addu'a.

'Yarki,
Odette


Fadar Valcreuse,
kwana tara bayan idin Waliyyi Martin

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata jikin da sauƙi, kuma kina cin abinci. Sister Clémence ta ce ta ga kin rame da kika miƙa mata takardar.

Na karanta sau uku, sannan na jefa ta a wuta. Ki yi wa wannan haka da zarar kin gama.

Ban san ta inda zan fara ba. Shekara ashirin da biyu, Inna! Kin ce wata shida marigayi ya yi bai leƙo ki ba kafin ya aurar da ke, kin ce ke da Baba Girard kun riga kun san juna tun kafin a ɗaura. Kin ce da aka haihu, Duke ne ya ƙirga watanni da kansa, lissafin ya yi masa daɗi, ba wanda ya isa ya ce masa a'a. Na yarda. Na san halinsa, ni ma ban taɓa ce masa a'a ba. Amma shi Baba Girard, ya tsaya a ƙofar gida yana kallo aka ɗora ɗan cikinsa a kan doki aka tafi da shi, bai ce uffan ba? Na yi fushi da ke kwana guda cur. Yanzu fushin ya tafi, tsoro ne ya rage.

Kada ya zo. Na janye roƙona. Rantsuwar da na ɗauka gaskiya ce, ashe ƙarya ce daga farkonta har ƙarshe, kuma a kan ƙashin waliyyi. Idan aka gane, za a yanke masa yatsu biyun da ya ɗaga, a huda masa harshe, sannan a sare hannun Thibaut duk da haka. Ni ma za a ce da sanina, a yage takardata, a karɓe gonakin Anselme. Idan ba a gane ba, da me zai tsaya gaban Ubangiji? Tsoho ne, Inna, kwana nawa ya rage masa?

Jiya da hantsi aka bar ni na ga Thibaut. Ɗakin da sanyi, amma an ba shi bargo. Ko a jikinsa. Ya ce, "Yaya, me ya sa idonki ya yi ja? Tsoho zai zo ya faɗi gaskiya, shi ke nan. Ni fa na gaji da zama tsakiya, ba ni can ba ni nan. Ashe sai na fasa bakin wani za a rubuta sunana!" Yana magana yana murza yatsun hannun daman, bai ma san yana yi ba. Na ɓoye masa maganar. Idan ya sani, na san shi, zai tashi a gaban kowa ya faɗa, don ba zai yarda wani ya shiga wuta saboda shi ba.

Daga nan na nemi ganin Duke Aymon. Ya karɓe ni yana duba sabon shahonsa, bai ce in zauna ba. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan'uwanka ne." Ya ce, "'Yan'uwa goma mahaifina ya bar min, kowane da ƙauye, kowane da mahaya. Kina so in ƙara na sha ɗaya da hannuna?" Sannan ya juyo ya dube ni sosai. "Ke, Odette, kin ɗauko hancinsa. Yayanku Gauvain ya ɗauko fushinsa. Shi wannan me ya ɗauko?" Na ce, "Zuciyarsa, ranka ya daɗe." Ya yi murmushin da ban so ba, ya sallame ni.

Montbrel ya farfaɗo. Ba ya iya magana, amma yana rubutu a allo, kalma ɗaya yake ta maimaitawa: hannu.

Saura Gauvain, babbanmu, wanda sojojin iyaka ke hannunsa. Na aika masa. Idan ya sa baki a hankali, wataƙila a mayar da hukuncin kora ba tare da an tono maganar uba ba. Ki riƙe Baba Girard a gida. Ki ce masa an fasa, ki ce masa duk abin da za ki ce.

Allah ya dube mu da rahama.

'Yarki,
Odette


Fadar Valcreuse,
jajibirin idin Waliyyi Andrawus

Inna,

Ina gaisuwa, ina fatan kina lafiya. A gurguje nake rubutu, Sister Clémence tana tsaye a kaina.

Gauvain ya ɓata komai. Maimakon takarda, sai ya zo da kansa da mahaya arba'in, ya ce a cikin zaure wanda ya taɓa hannun ɗaya daga cikinmu ya taɓa na duka. Duke ya fusata. Kafin la'asar an kafa gungumen sara a bakin kasuwa. Na gan shi da idona, sabon itace ne, yara suna hawa suna wasa.

Kuma Baba Girard ya iso. Na san ba ke kika sake shi ba. Ya ce kin ɓoye masa takalma, ya ari na maƙwabci. Kwana biyu yana tafe a kan keken masu ulu, cikin dusar ƙanƙara. Na ja shi ɗakin ajiya na rufe ƙofa, na ce na san komai, na roƙe shi ya koma. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "'Yar nan, akwai miya mai zafi a gidan nan kuwa? Ƙashina duk ya daskare."

Inna, da yana shan miyar na dube shi, sai na ga fuskar Thibaut. Shekara takwas ba a ga su biyun wuri ɗaya ba. Kunnuwan nan da suka buɗe waje, da yadda yake karkata kai idan yana saurare, da tsagar haɓa. Yaya aka yi ban taɓa gani ba? Gobe za su tsaya a ɗaki ɗaya, a gaban mutum ɗari.

Na ba shi hular Anselme mai rufe kunne. Ya ce ba a shiga gaban waliyyi da hula.

Ki kunna mana kyandir a majami'a.

Odette


Fadar Valcreuse,
kwana uku bayan idin Waliyyi Andrawus

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kin samu barci, kuma Baba Girard ya iso gida lafiya, tarin bai tsananta ba. Ki dafa masa ruwan zuma, ki hana shi shiga marina ko da mako guda ne.

Na san abin da zai ce miki: an gama, yaro lafiya. Ba zai ƙara komai ba. Shi ya sa zan ba ki labarin duka, don ya kamata wani ya sani ban da ni.

An zauna a majami'ar fada bayan addu'ar safe. Duke a kujerarsa, masu sarauta a dama, mu 'ya'yan waje a hagu, Montbrel da ƙyalle ɗaure a haɓa. Aka shigo da Thibaut, aka kira Baba Girard. Ya tako a hankali cikin aron takalma, suna ƙara a kan dutse, ba ka jin komai sai su.

Abin da nake tsoro shi ya fara faruwa. Lauyan Montbrel ya tashi ya ce, kafin a ɓata sunan waliyyi, a tsayar da su kafaɗa da kafaɗa, masu ido su gani. Duke ya ɗaga yatsa, aka tsayar da su.  Na ji wata a bayana ta ce, "Kai, ku dubi kunnuwan!" Gunaguni ya tashi. Gauvain ya kai hannu ƙugu, inda takobinsa yake. Lauyan ya ce, "To, marini, me ka ce? Ko madubi za a kawo maka?"

Baba Girard ya juya ya ƙare wa Thibaut kallo daga sama har ƙasa, kamar yadin da aka kawo masa rini. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara sha huɗu yana cin burodina yana shan miyar matata. Kare ma da ke gidana, shekararsa tara, maƙwabta sun ce ya fara kama da ni. Kunnuwa kuwa, ni na ja su da hannuna, safe da yamma, don bai taɓa jin magana ba. Da ɗana ne, da ya iya riƙe fushinsa. Mu talakawa da shi ake haifarmu a ɗaure."

Zauren ya fashe da dariya, har cikin mutanen Montbrel. Duke kaɗai bai yi ba. Ya ce a kawo akwatin.

Limamin fada ya karanta masa abin da ke jiran mai rantsuwar ƙarya, a nan duniya da can. Ya tambaye shi ko ya gane. Ya ce ya gane. Duke ya sunkuyo ya ce, "Tsoho, ba wanda ya tilasta ka. Idan ka juya yanzu, ba mai taɓa ka." Ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe, amma na yi tafiyar kwana biyu." Ya ɗora hannun hagu a kan akwatin, ya ɗaga yatsu biyu na dama, ya faɗi kalmomin ɗaya bayan ɗaya yadda liman ya faɗa. Muryarsa ba ta yi rawa ba. Da ya zo wurin "ba ɗana ba ne", bai dubi kowa ba, ya kafe ido a bango. Na jira rufin ya faɗo mana. Bai faɗo ba.

Masu sarauta suka keɓe, ba su daɗe ba. An rubuta Thibaut a matsayin ɗan marigayi Duke Renaud, da takobinsa da tambari mai layi. Hukuncinsa kora ce ta shekara biyar zuwa sansanin iyakar gabas, ƙarƙashin Gauvain. Duke ya ƙara nasa sharaɗin: jinin gidan Valcreuse ba ya kwana a gidan marini, ba ya kiran marini uba, kuma a goge sunan Girard daga littafin baftismar Orvaux. Montbrel ya karya allonsa ya fita.

Da ake watsewa, Duke ya tsaya kusa da ni kamar yana gyara safar hannu. Ya ce a hankali, "Ina da ido, 'yar'uwa. Ki gode wa Allah ina bukatar takubba a gabas, ba na kuma son yaƙi da Gauvain a bana. Ki gaya wa naku su yi biyayya, don ba na mantuwa." Saboda haka kada ki ɗauka an gama. An dai ɗaga mana ƙafa, igiyar tana hannunsa.

Abin da ya fi tsaya min a rai, a farfajiya ya faru. An kwance Thibaut, an mayar masa da takobi, fuskarsa kamar ta ango. 'Yan'uwa suna ta rungumarsa. Baba Girard yana gefe kusa da rijiya, hularsa a hannu. Thibaut ya hango shi, ya tako, ya tsaya nesa kaɗan, don idon fada duk yana kansa. Ya ce, "Dattijo, na gode. Ka yi gaskiya a inda take da wuya. Ba zan manta da ɗawainiyar da ka yi da ni ba." Ya miƙa masa hannu yadda manya ke miƙa wa talakawansu.

Baba Girard ya karɓi hannun da nasa biyu. Bai sumbata ba. Ya juya shi ciki da baya, ya taɓa yatsun ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake duba jariri ranar da aka haife shi. Sannan ya sake, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, ranka ya daɗe. Gabas akwai sanyi, a riƙa rufe ƙirji."

Kada ki ga laifin Thibaut, Inna. Bai sani ba, kuma da ya juya na ga yana share ido da gefen riga. Washegari suka tafi gabas shi da Gauvain.

Ni na raka Baba har ƙofar gari. Na ce masa akwai wani liman a gidan masu ibada na Sister Clémence, bai san kowa a nan ba, ya je ya furta zunubinsa a yafe masa. Ya girgiza kai. Ya ce, "Idan na furta, zai ce sai na koma na warware. In warware kuma a ɗauko gatari? A'a, 'yar nan. Wannan kayana ne, na ɗauka ina sane. Ranar da na je can, zan yi wa Mai Sama bayani da kaina, shi ma ai ya san zafin ɗa." Sannan ya sa na yi alkawari Thibaut ba zai ji daga bakina ba, ko bayan ransa. Na yi.

Don haka idan idin Ista ya zo kika ga kowa a majami'a ya tashi karɓar jibin Ubangiji, shi da bai furta zunubinsa ba yana zaune, kada ki tambaye shi a gaban mutane. Ki zauna kusa da shi kawai. Ni ma zan zo in zauna ta ɗaya gefen. Anselme ya ce zuwana gidan marina zai jawo surutu a fada. Na ce masa sharaɗin Duke a kan Thibaut yake, ba a ambaci sunana ba, kuma ko an ambata zan je.

Ki ƙone wannan kamar sauran. Amma kafin ki ƙone, ki kira shi ki karanta masa layin ƙarshe, shi kaɗai. An ba ni takarda da hatimi da ke cewa ga ubana, ban taɓa zaɓa ba. Wannan karon ni na zaɓa.

Ina gaishe ku da dukan zuciyata.

Taku har abada,
Odette, 'yar Girard marini, idan zai karɓe ni.